Henk Sneevliet, Baturen Holand da Ya Halarci Taron Kafa Jam'iyyar Kwaminis ta Sin: Tambayoyi da Amsoshi

A daren 23 ga Yuli, 1921, lokacin da wakilai suka zauna a wani gida a birnin Shanghai domin kafa Jam'iyyar Kwaminis ta Sin, akwai Turawa biyu a cikin ɗakin. Ɗaya matashi ne ɗan Rasha da ake kira Nikolsky, wanda bai yi doguwar magana ba. Ɗayan kuwa wani kakkauran mutum ne ɗan ƙasar Holand mai shekara 38, Henk Sneevliet, wanda Sinawa suka sani da suna Ma Lin. Wannan shafi ya tattara tambayoyin da aka fi yi game da mutum na biyun, da kuma shawarar da ya bari a Sin wadda har yau masana tarihi ke taƙaddama a kanta.

Wane ne Henk Sneevliet, kuma daga ina sunan Maring ya fito?

An haife shi a Rotterdam ranar 13 ga Mayu, 1883, a gidan talakawa, mahaifinsa mai naɗa sigari ne, mahaifiyarsa kuma ta rasu tun yana ƙarami, sai dangi suka rene shi a garin Den Bosch. Yana ɗan shekara goma sha bakwai ya kama aiki a hukumar jirgin ƙasa, daga nan ya shiga ƙungiyar ma'aikatan jirgin da jam'iyyar 'yan gurguzu ta Holand, har ya zama shugaban ƙungiyar a 1911. Shugabancin bai daɗe ba, domin ya goyi bayan yajin aikin ma'aikatan jirgin ruwa a wannan shekarar alhali manyan jam'iyyarsa ba su so, aka yi ta kai ruwa rana har ya ajiye muƙamin.

Maring sunan ɓoye ne da ya ɗauka a 1920 sa'ad da ya fara aiki da Kwamintan, wato ƙungiyar 'yan kwaminis ta duniya mai hedkwata a Mosko. Sinawa suka mai da shi Ma Lin. Ya yi amfani da wasu sunayen ma: ya shiga Shanghai da sunan Andresen, Mosko tana kiransa Philipp a wasiƙunta, rubuce-rubucensa na jaridun Sin kuma suna fita da sunan Sun Duo.

Me ya haɗa ɗan gurguzu Bature da ƙungiyar Musulmi a Indonesiya?

Duk wanda ke son fahimtar abin da Sneevliet ya yi a Sin, dole ya fara tsayawa a tsibirin Java na Indonesiya. A 1913 ya tafi can neman aiki, lokacin ƙasar tana ƙarƙashin mulkin mallakar Holand. Ya sami aikin sakatare a ƙungiyar 'yan kasuwa ta birnin Semarang, wato da rana yana rubuta wa masu jari takardu, da dare kuma yana shirya ma'aikatan jirgin ƙasa su tsaya wa haƙƙinsu. A watan Mayu na 1914 shi da abokansa suka kafa ƙungiyar gurguzu ta ISDV a Surabaya. Mambobinta ba su kai ɗari ba, kusan dukkansu Turawa ne, jaridarsu ma da harshen Holand take fita, saboda haka manomi ko lebura ɗan Java bai ma san da zamanta ba.

A daidai wannan lokacin akwai wata ƙungiya mai suna Sarekat Islam, wadda ta samo asali daga haɗin kan Musulmi masu sayar da yadin batik a garin Solo, ta bunƙasa a ƙarƙashin Tjokroaminoto har mabiyanta suka kai dubban ɗaruruwa. A nan jama'a suke. Sneevliet shi kansa ba Musulmi ba ne, ba zai iya shiga ba, amma matasan da ya horar Musulmi ne, kuma dokar Sarekat Islam ba ta hana mutum riƙe katin wata ƙungiya ba. Sai suka shiga ɗaiɗai, kowa yana riƙe da katinsa na ISDV. Ɗaya daga cikinsu, wani matashin ma'aikacin jirgin ƙasa mai suna Semaun, ya zama shugaban reshen Semarang a 1917, reshen kuma ya fara jan uwar ƙungiyar zuwa maganar albashi da ƙasa da yajin aiki. Cikin 'yan shekaru, 'yar ƙungiyar da ba a san ta ba ta sami bakin magana a gaban dubban mutane.

Gwamnati ta lura. An gurfanar da Sneevliet a kotu a 1917 saboda maƙalar da ya rubuta yana murnar juyin juya halin Rasha, ya kare kansa da jawabin da ya ɗauki sa'o'i, aka wanke shi. Amma da ya fara shiga cikin sojoji da ma'aikatan jiragen ruwan yaƙi, sai aka kore shi daga ƙasar a Disamba 1918. Ƙungiyar da ya bari ita ce ta rikiɗe a 1920 ta zama jam'iyyar kwaminis ta Indonesiya.

Yaya aka yi Mosko ta zaɓe shi ya tafi Sin?

A babban taron Kwamintan na biyu, a bazarar 1920, an kafa kwamiti kan batun ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkin mallaka. Lenin ne shugaba, Sneevliet kuma sakatare. Muhawarar da ta fi zafi ita ce tsakanin Lenin da M. N. Roy ɗan Indiya, a kan ko ya halatta 'yan kwaminis su haɗa kai da 'yan kishin ƙasa waɗanda ba su yarda da aƙidarsu ba. Mafi yawan masu maganar daga littafi suka san Asiya, shi kuwa Sneevliet ya yi shekara biyar yana gwada abin da hannunsa. Wannan ne ya ɗaga darajarsa.

Tafiyar ba ta zo da sauƙi ba. 'Yan sanda sun tsare shi 'yan kwanaki a Vienna, labarinsa kuma ya riga shi isa kowace tashar jirgin ruwa da Ingila ke iko da ita, har ya sauka Shanghai ranar 3 ga Yuni, 1921, jami'an tsaro suna biye da sawunsa.

Wane hali ya tarar da 'yan kwaminis na Sin, kuma me ya faru a taron farko?

Ya tarar da ƙananan rukunai na malaman makaranta da ɗalibai da 'yan jarida a Shanghai da Beijing da Changsha da Wuhan da Jinan da Guangzhou, da wasu a Japan da Faransa, gaba ɗaya mutum hamsin da 'yan kai. Wani wakilin Rasha, Grigori Voitinsky, ya riga shi zuwa a 1920 ya taimaka aka kafa rukunan. Sneevliet ya matsa a kira taron ƙasa, aka aika wa wakilai kuɗin hanya daga aljihun Kwamintan. Mutum 13 suka zo, cikinsu har da Mao Zedong mai shekara 27, wanda a lokacin ba ya cikin na gaba-gaba. Manyan jagororin biyu, Chen Duxiu da Li Dazhao, ko ɗaya bai halarta ba.

An zauna a gidan yayan Li Hanjun, ɗaya daga cikin wakilan, a unguwar da Faransa ke mulki a Shanghai, wakilan kuma suka sauka a wata makarantar 'yan mata da ke hutu. Sneevliet ya yi dogon jawabi da Turanci ana fassarawa, ya ba su labarin Java. A daren 30 ga Yuli, ana tsakiyar zama, wani baƙo sanye da doguwar riga ya ɗaga labule ya leƙo, ya ƙare wa fuskoki kallo, ya ce ya yi ɓatan kai ne, ya juya. Wasu wakilan ba su ɗauki abin da muhimmanci ba. Sneevliet, wanda ya sha hannun 'yan sanda a ƙasa fiye da ɗaya, nan take ya ce a tashi, kowa ya kama gabansa. Ba a jima ba 'yan sandan Faransa suka dira gidan, suka tarar da Li Hanjun da Chen Gongbo kawai, suka binciki ɗakuna suka tafi.

Wang Huiwu, matar wani wakili mai suna Li Da, ita ta ba da shawarar a ƙarasa taron a cikin jirgin shaƙatawa a kan Tafkin Kudu da ke Jiaxing, inda za a ɗauke su masu yawon buɗe ido. Turawan biyu ba su je ba, domin farar fata a cikin jirgin za ta tona asiri. A bayan idonsa kuwa wakilan suka amince da tsarin da ya haramta duk wata hulɗa da sauran jam'iyyu, wato kishiyar abin da ya koya a Java.

Shin ya ji Sinanci?

A'a. Duk zamansa da tafinta ya yi aiki, musamman Zhang Tailei, wanda ya raka shi tafiye-tafiye. Wannan ya taƙaita abin da yake ji da wanda yake ji daga bakinsa, ya kuma sa manoman karkara, waɗanda su ne mafi yawan al'ummar Sin, suka kasance nesa da ganinsa.

Yaya zamansa ya kasance da Chen Duxiu, shugaban jam'iyyar na farko?

Da farko zaman doya da manja suka yi. Chen babban malami ne, tsohon shugaban tsangaya a Jami'ar Beijing, mai zafin rai, wanda bai saba a ba shi umarni ba. Sneevliet shi ma ba ya tauna magana, kuma ya zo yana neman a ba shi rahoton aiki da kasafin kuɗi kamar mai duba ma'aikata. Chen ya ƙi, yana ganin cewa duk wanda ya karɓi kuɗin wani ya miƙa masa akalarsa, ya fi son mambobi su riƙe sana'o'insu su yi aikin jam'iyya da guminsu. Sun yi makonni ba sa ga maciji.

Abin da ya sauya lamarin shi ne kamun da 'yan sandan Faransa suka yi wa Chen da matarsa da wasu abokai a watan Oktoba 1921. Sneevliet ya ɗauki lauya, ya kashe kuɗi, shari'ar ta ƙare da tara. Bayan fitowarsa Chen ya sauko, jam'iyyar ta fara karɓar tallafin Mosko a kai a kai. Maganar gaskiya, tsoron Chen yana da tushe, domin daga wannan rana duk lokacin da aka yi saɓani tsakanin Shanghai da Mosko, an san wanda zai yi rinjaye tun kafin a buɗe baki.

Me ya gani a kudancin Sin da ya sa ya karkata ga Kuomintang?

A Disamba 1921 ya bi ta lardin Hunan ya isa Guilin, inda Sun Yat-sen, jagoran jam'iyyar 'yan kishin ƙasa ta Kuomintang, ya kafa sansani yana shirin yaƙar sarakunan yaƙin arewa. Sun yi zama da dama. Daga nan ya wuce Guangzhou a daidai lokacin da ma'aikatan jiragen ruwa na Hong Kong suka shiga yajin aikin da ya faro a Janairu 1922 ya kai Maris, ya tsayar da tashar cik, har kamfanoni suka ƙara albashi. Abin da ya ɗauki hankalinsa shi ne dubban masu yajin sun koma Guangzhou, kuma 'yan Kuomintang ne ke ba su masauki da abinci, 'yan kwaminis na birnin kuwa ba su da wani tasiri a ciki. A idonsa, ya sake ganin Sarekat Islam: babbar rumfa mai sakakkiyar ƙofa da jama'a a ƙarƙashinta, ga kuma 'yan tsirarun masu aƙida a gefe suna karanta littafi.

Sun Yat-sen bai yarda da ƙawance tsakanin jam'iyya da jam'iyya ba, domin bai ga dalilin da zai zauna kafaɗa da kafaɗa da mutum ɗari biyu ba. Amma ya yarda duk mai so ya shigo Kuomintang a matsayin mutum ɗaya, ya bi dokokinta.

Me ya sa 'yan kwaminis suka ƙi wannan shawara, kuma ta yaya ya shawo kansu?

A watan Afrilu 1922 Chen Duxiu ya rubuta wa Voitinsky yana zayyana dalilansa: manufofin jam'iyyun biyu sun bambanta, Kuomintang tana ƙulla yarjejeniya da sarakunan yaƙi da ƙasashen waje, matasa a wajen Guangdong suna kallonta a matsayin taron masu neman muƙami, kuma rassan jam'iyyar duk sun ƙi. Sneevliet bai tsaya jayayya ba, sai ya tafi Mosko ya kai rahoto a watan Yuli, ya dawo a Agusta tare da jakadan Rasha Adolf Joffe. Ya zo da umarnin da aka buga da tafireta a kan ƙyallen siliki domin a ɓoye shi cikin tufafi, wanda ke cewa shugabannin jam'iyyar su yi duk aikinsu tare da "Philipp". Ƙyallen yana nan ajiye cikin takardunsa a Amsterdam.

A ƙarshen Agusta 1922 ya tara shugabannin a gaɓar Tafkin Yamma da ke Hangzhou: Chen Duxiu, Li Dazhao, Cai Hesen, Zhang Guotao, Gao Junyu da Zhang Tailei. Da aka tashi, an amince. Yadda aka kai ga amincewar kuwa labari biyu ne. Chen ya rubuta a 1929 cewa sun ƙi, sai da Sneevliet ya tambaye su ko za su bi umarnin Kwamintan ko a'a, suka sunkuyar da kai. Sneevliet kuma ya shaida wa ɗan jarida Harold Isaacs a 1935 cewa hujja ce ta gamsar da su. Kowanensu ya yi maganar ne bayan abin ya ɓaci, kowa yana wanke hannunsa, amma mutumin da ya shigo ɗaki da umarni a cikin rigarsa ba sai ya ɗaga murya ba. Li Dazhao ne ya fara karɓar katin Kuomintang.

Gardamar ba ta mutu ba har babban taro na uku a Guangzhou, a Yuni 1923, lokacin mambobi sun kai 420. Kafin nan wani abu ya ƙarfafa hujjar Sneevliet: ranar 7 ga Fabrairu sojojin Wu Peifu, ɗaya daga cikin sarakunan yaƙin arewa, suka buɗe wuta kan ma'aikatan layin dogo na Beijing zuwa Hankou, ƙungiyoyin ƙwadagon da aka yi shekara biyu ana ginawa suka watse cikin kwanaki. Zhang Guotao da Cai Hesen sun dage a bar ma'aikata a wajen Kuomintang, amma aka rinjaye su da ƙuri'u kaɗan. Mao Zedong ya goyi bayan Sneevliet, a wannan taron ne kuma ya fara shiga sahun shugabannin tsakiya.

Idan shawararsa ta yi rinjaye, me ya sa ya bar Sin bayan 'yan watanni?

Domin abin da yake so da abin da Mosko ke so sun fara rabuwa. Shi ɗan ƙwadago ne, burinsa Kuomintang ta zama jam'iyyar jama'a mai jarida da rassa da ƙungiyoyin ma'aikata, kullum yana yi wa Sun Yat-sen ƙorafi cewa ya bar dogaro da janar-janar. Gwamnatin Rasha kuwa tana neman aboki mai bindiga a kudancin Sin, ta yi alƙawarin kuɗi da makamai. A Mosko ma wasu na zarginsa da raina jam'iyyar kwaminis ta Sin. Ya bar ƙasar a Oktoba 1923, a watan da sabon wakilin Mosko, Mikhail Borodin, ya sauka Guangzhou da kuɗi da hafsoshin soja. Sneevliet bai sake taka Sin ba.

Shawarar shiga Kuomintang ta amfani jam'iyyar ne ko ta cuce ta?

Ta fuskar lissafi, amfanin a fili yake. Jam'iyyar da ke da mutum 420 a 1923 ta kai kusan 58,000 a farkon 1927. A ƙarƙashin inuwar Kuomintang 'yan kwaminis suka shiga makarantar soja ta Whampoa, inda Zhou Enlai ya riƙe sashen siyasa, suka kafa ƙungiyoyin manoma a Guangdong da Hunan, suka koyi tafiyar da mulki da yaƙi. Da sun tsaya a kan tsarin Jiaxing, da wuya su wuce ƙungiyar masu karatu.

Kuɗin da aka biya kuma jini ne. Sun Yat-sen ya rasu a Maris 1925, sojoji suka koma hannun Chiang Kai-shek, ranar 12 ga Afrilu, 1927 kuma ya juya wa 'yan kwaminis a Shanghai, kisan ya bazu zuwa wasu larduna, dubbai suka halaka. Masu kare Sneevliet suna cewa ya bar ƙasar shekara uku da rabi kafin wannan, kuma Stalin ne ya hana jam'iyyar ficewa a 1926 lokacin da Chen Duxiu ya nemi a fice. Wannan gaskiya ne. Sai dai akwai abin da ba a cika ambata ba, kuma a ganina shi ne laifinsa na ainihi. A Oktoba 1921, kafin ya je Guilin, shugabannin Sarekat Islam irin su Agus Salim sun riga sun kafa dokar hana riƙe kati biyu, 'yan kwaminis suka fice. Wato dabarar ta riga ta nuna ƙarshenta a inda aka haife ta. Bambancin shi ne Sarekat Islam ba ta da soja, korar ta tsaya a zauren taro, ita kuwa Kuomintang tun ranar da ya fara ganin Sun Yat-sen a cikin sansanin yaƙi ya gan shi. Ya nuna wa Sinawa ƙofar shiga, bai tsara musu ta fita ba.

Da aka zo rabon laifi, zomo bai yi fushi da makashinsa ba sai maratayinsa: Mosko ta ɗora komai a kan Chen Duxiu, mutumin da ya ƙi shawarar tun farko, aka sauke shi a 1927, aka kore shi daga jam'iyyar a 1929.

Me ya yi bayan ya koma Holand?

Ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta NAS daga 1924, ya raba gari da jam'iyyar kwaminis ta Holand a 1927 saboda adawa da Stalin, ya kafa tasa jam'iyyar a 1929. A Fabrairu 1933 ma'aikatan wani jirgin ruwan yaƙi na Holand mai suna De Zeven Provinciën suka yi tawaye a tekun Indonesiya kan rage albashi, jirgin sama ya jefa musu bam, mutum 23 suka mutu. Sneevliet ya fito fili ya goyi bayansu, aka yanke masa ɗaurin wata biyar, yana kurkuku aka zaɓe shi ɗan majalisar dokoki, ya riƙe kujerar har 1937. Ya yi tafiya da Trotsky, babban abokin hamayyar Stalin, na wani lokaci, suka ɓata a kan yaƙin basasar Sifen da batun kafa sabuwar ƙungiyar duniya. A gida ma bai huta ba, domin 'ya'yansa tagwaye duka sun riga shi mutuwa a cikin waɗannan shekaru.

Yaya ya mutu?

Da sojojin Jamus suka mamaye Holand a Mayu 1940, ya rusa jam'iyyarsa a fili ya koma aiki a ɓoye, ya kafa ƙungiyar turjiya mai ɗauke da sunayen Marx da Lenin da Luxemburg, tana buga jaridar sirri mai suna Spartacus, mambobinta kuma suka shiga yajin aikin Fabrairu 1941 na nuna adawa da kamen Yahudawa a Amsterdam. Ya yi kusan shekara biyu yana sauya maɓoya. A Maris 1942 aka kama shi da matarsa Mien a Bergen op Zoom, kotun Jamusawa ta yanke masa hukuncin kisa, matar kuma aka tura ta sansanin Ravensbrück, inda ta rayu har ƙarshen yaƙi.

Da safiyar 13 ga Afrilu, 1942 aka harbe shi tare da wasu abokansa a kusa da sansanin Amersfoort, wata ɗaya kafin ya cika shekara 59. Wani fursuna da ke ɗakin kusa ya ba da shaidar cewa sun rera taken ma'aikata na duniya kafin a fita da su. A yau akwai titi da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa a Amsterdam masu ɗauke da sunansa, hotonsa kuma yana rataye a gidan tarihin taron farko a Shanghai. Nikolsky, Baturen da suka zauna tare a ɗakin, jami'an Stalin sun harbe shi tun 1938. Chen Duxiu kuwa ya rasu cikin talauci a Jiangjin, kusa da Chongqing, ranar 27 ga Mayu, 1942, makonni shida bayan Sneevliet.